Shekarar da Babanku Ya Rame

Ban yi niyyar taɓo wannan shekarar ba. Na so in tsallake ta kamar yadda nake tsallake ta duk lokacin da hira ta biyo ta kanta, in wuce zuwa aikin hajjina da auren yayanku. Bilki ce ta ja. Kwanan baya ta kira ni a waya daga Kano, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce:

"Inna, kin kuwa ga Yaya kwanan nan? Matar nan ta ramar da shi. Duk ƙashin wuya ya fito. Wai ganye take ba shi sai ka ce akuya."

Na riƙe wayar ina jin muryar autata, amma maganar ba tata ba ce. Na san mai ita. Na ji ta a tsakar gidan nan tun Bilki tana goye a bayana, daga bakin Gwaggonku Hansai ta Gwaram, yayar babanku, Allah ya jiƙanta. To tunda maganar ta ƙi bin mai ita kabari, ta zagayo ta shiga bakin 'ya'yana, sai ku zauna ku ji yadda aka yi. Abin da aka gaya muku na san shi sarai: wai na hana babanku abinci har ya kusa mutuwa, da aka yi mini faɗa na yi fushi na tafi gidanmu na bar ku damina guda. Da wannan kuka girma, kuna durƙusawa kuna gaishe ni da shi a cikinku. Ƙarya ce, kuma yau zan faɗi wadda ta yi ta da waɗanda suka taya ta.

Lokacin jiharmu tana sabuwa. Ma'aikatan da suka daɗe a Kano ana ta kwaso su da iyalansu da kayansu, hanyar Dutse da ba kowa yake bi ba ta zama ba dare ba rana, duk mai mota a Birnin Kudu kakarsa ta yanke saƙa. Babanku ya fara da bas ɗaya yana ja da kansa. Kafin a ce me, ya sauka daga sitiyari ya sa direbobi, shi kuwa ya sami benci a tasha yana zaune ana kawo masa gaisuwa. Mai shayi ya san hannunsa: madara ta ji, sukari sai cokali ya tsaya, ga burodi. Da hantsi tsire, da rana shinkafa, duk baƙon da ya zo a buɗe masa lemon kwalba a buɗe wa Alhaji nasa don kada baƙo ya sha shi kaɗai. Tumbi ya fito, wuya ya ninku, mutane suna cewa masha Allah, arziki ya zauna. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma daɗi nake ji in ya fito cikin babbar riga ya cika ta. Abin da ya dame ni kawai wani baƙi-baƙi ne da ya fito masa a bayan wuya, na ɗauka dauɗa ce, nakan ce masa ya riƙa sa soso da kyau.

Wannan baƙin ne ya tona asirin. Mun kai Bilki asibiti tana zazzaɓi, likitan wani saurayi ne ɗan ƙasar nan da ya dawo gida da aka yi jiha. Ya gama da yarinya, sai ya tsaya yana kallon wuyan babanku. Ya tambaye shi ko a danginsu akwai mai ciwon suga. Babanku ya ce babu, mahaifinsu dai ƙafa ce ta kashe shi, wani gyambo da ya ƙi warkewa, wanda duk Gwaram ta san ajiya aka yi masa a gona ya taka. Likita bai ce komai a kan wannan ba, ya ce ya dawo da safe kafin ya sa komai a baki a auna jininsa. Ranar da aka faɗi sakamako ina wurin, da kunnena na ji.

"Alhaji, ba ka da ciwon suga," in ji shi. "Amma a bakin ƙofarsa kake tsaye. In ka rage cikin nan, ka bar sukari da lemo, ka rage tuwo da shinkafa da burodi, ka yawaita ganye da wake, ka riƙa tafiya da ƙafarka, za ka iya komawa baya. In kuwa ka bari ya shigo, ba ya fita, sai dai lallashi har ƙarshen rai. Yana taɓa ido, yana taɓa ƙoda, yana taɓa ƙafa."

Da ya ce ƙafa na ga babanku ya sunkuya ya dubi tasa. Sai likitan ya juyo gare ni.

"Uwargida, wannan maganin ba a kanti ake sayensa ba. Ke ce za ki dafa shi."

A mota muna dawowa babanku ya ce mini, kuma Allah ne shaidata, da bakinsa ya ce:

"Saude, ki yi duk yadda ya ce. Ni na ga yadda ƙafar Baba ta yi. Ba na so."

Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne aka cire daga labarin da aka ba ku. Ba ni na ƙirƙiro ba, kuma ba a ɓoye na yi ba. Na sami guntuwar ƙwarya na fafe 'yar ƙaramar mara ta kwasar tuwonsa, malmalarsa ta koma rabin ta da, na dawa ko na gero, miyar kuwa a cika ta da ganye, mai kaɗan. Da safe kunu ba sukari da dafaffen ƙwai ko wake. Da rana dambu da zogale ya fi tsakin yawa, ko faten wake, ko kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli. Nama da kifi ban taɓa hana shi ba, kitsen nake cirewa. Da yunwa bai taɓa tashi ba, in bai ƙoshi ba sai in ƙara masa wake da ganye. Ya ajiye ƙaramar motarsa ya koma zuwa tasha a ƙasa, safe da yamma. Makon farko ya yi ta mita, yana cewa shayi ba sukari ai wankin kwano ne, amma ya daure.

Inda gizo yake saƙar shi ne ciyayya. Ku da kuke zaune a birni kowa ya kulle get ɗinsa wataƙila kun manta. A layinmu, in an idar da magariba, magidanta sukan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan nan, kowane gida ya fito da kwanonsa a jera, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu a na kowa. A nan ake sanin matar da ta iya miya, a nan ake sasanta rigima, a nan ake fara maganar aure. Me amfanin 'yar malmalata in zai zauna ya bi kwanukan layi kaf? Na ce masa ya ɗan janye na wani lokaci. Ya dube ni kamar na ce ya bar salla.

"Ke ma kin san ba a janye kwano. In na janye, me na ce da su ke nan?"

Gaskiyarsa. Mutumin da ya janye kwanonsa, ko dai rowa, ko girman kai, ko yana zargin wani. Sai muka yi shawara: zan riƙa fitar da babban kwano na irin abincinsa, wanda zai ishe shi ya ishi duk mai so, shi kuma ya tsaya a kan nasa, sauran ya ɗan taɓa don kada a ce. Daren farko ina bayan ƙofar zaure ina jin su. Aka buɗe, sai dariya. Wani ya ce yau gidan Alhaji an yi wa awaki girki an manta da mutane. Babanku ya taya su dariya. Wallahi da suka gama kwanon nan a lashe ya dawo, masu dariyar ne suka cinye.

Alhaji Tanimu ne ya ɓata lamarin, dillalin hatsin da gidansa yake kallon namu. Gidansa an san su da tuwon shinkafa da miyar taushe, man shanu yana yawo a kai, kuma duk layin babu mai yaba tuwon nan kamar babanku. Da ya ga kwana da kwanaki abokinsa yana ɗan gutsura ya janye hannu, sai ya sha mur. Ran nan na ji shi da ƙarfi, don a ji ɗin ya yi:

"Alhaji, yau ma ba za ka sa mana albarka ba? Ko an ce maka ana zuba wani abu a kwanon gidana ne?"

"Haba Alhaji Tanimu, subhanallahi! Likita ne ya ce in rage, saboda suga."

"Af, ashe suga gare ka? Allah ya sawwaƙe."

"A'a, ba ni da shi tukuna. Cewa ya yi ina kusa."

"Kun ji fa, jama'a! Ba shi da ciwo, amma yana jinya. To ni ma ina kusa da mutuwa, sai in je in kwanta a kabari tun yau?"

Aka kwashe da dariya. Ina tsaye a bayan ƙofa cike da haushi. Da a ce ciwon ya riga ya kama shi, da babu mai cewa uffan, sai sannu da Allah ya ƙara sauƙi. Laifinsa kawai shi ne ya ga rami tun kafin ya faɗa, ya ce zai kauce.

Duk da haka ya riƙe, kuma abin ya yi aiki. Kafin bazara ta ƙare minsharin da yake hana ni barci ya tafi. Gyangyaɗin da yake yi a benci bayan azahar ya bari. Baƙin wuyan ya fara washewa. Aka sake auna jini, likita ya miƙa masa hannu ya ce sugan ya sauka, a ci gaba. Wata safiya bayan ya dawo daga masallaci ya kira ni ɗaki, ya zauna a tabarma ya tanƙwashe ƙafa.

"Saude, tsaya ki gani."

Ya miƙe tsaye cak, bai dafa ƙasa ba, bai kama bango ba. Ya sake zama ya sake tashi, yana dariya kamar yaro. Mutumin da a da in zai tashi daga zaman tahiya sai ya yi nishi ya dogara da hannu biyu. A duk zamanmu ban taɓa ganinsa cikin farin ciki da jikinsa kamar ranar ba, kuma ni kaɗai na gani.

Abin da gari ya gani daban ne. Wandunansa suka yi masa yawa, tazuge ya gaji da ja, ya kai wa tela a rage. Telan nan da bakinsa ba ya rufuwa, kafin la'asar kasuwa ta ji cewa Alhaji mai bas yana kai kaya ana ragewa. Wasu suka ce karayar arziki ce, ba ku ga yana tafiya a ƙasa ba, ai motar ma an kusa sayarwa. Wasu suka rage murya suka ce kanjamau, don lokacin ne rediyo ta cika da zancenta, kuma wai mai harkar mota ai ba a rantse masa. Mutumin da bai taɓa kwana a wani gari ba tare da na san gidan da ya sauka ba! Mata kuwa a gidan suna da gidan biki suka ce duk ba haka ba ne, matar ce, 'yar ƙauyen Sundimina, ta samo abin da take barbaɗa masa don ta mallake shi. In na shiga taro sai hira ta mutu. Ban damu da kaina ba sosai, na yi kunnen uwar shegu. Shi ne abin ya ci. Wata Juma'a ya dawo ya zauna bai cire hula ba, ya ce wani da suka shekara da shekaru suna sahu ɗaya ya ɗan matsa gefe da kafaɗarsu ta haɗu, da aka sallame kuma ya ba shi yatsu kawai.

Ana cikin haka labari ya isa Gwaram, a cikin motarsa ma ya tafi, a bakin direbobinsa. Ku san wace ce Gwaggo Hansai a wurinsa. Mahaifiyarsu ta rasu yana ƙarami, ita ta goya shi, ita ta yaye shi da fura, ita ta nema masa aurena. Uwa ce, ba ya ɗaga ido a gabanta. Farkon damina ta sauka a gidan nan da ƙwaryar fura da kwalabar man shanu da zuma. Yana shigowa gaishe ta, ta dube shi, ta ɗora hannu a ka ta rafka salati har maƙwabta suka leƙo.

"Wayyo ni Hansai! Garba, kai ne wannan? An cinye mini ɗan'uwa ina zaune!"

Ya yi ta bayani, likita, jini, suga. Ta ce a danginsu ba a suga, kuma wane irin likita ne zai ce wa lafiyayye ya bar abinci. Ta dama fura da sukari da zuma ta miƙa masa. Ya dube ni, ya dubi ƙwaryar, ya karɓa ya sha. Ta wuce madafi kai tsaye tana buɗe tukwanena. Ta tarar da 'yar marar nan a kan faifai, ta ɗaga ta sama tana nuna wa matan da suka shigo.

"Ku duba abin da ake kwasar wa mai motoci tuwo da shi! Ko ɗan yaye ba a ba shi wannan."

Ta yar da ita ta take da ƙafa. Da yamma na haɗa kwanon ciyayya za a fitar, ta tare ƙofa ta ce a ajiye. Ta buɗe, ta tura shi gabana a tsakar gida, ku kuna zaune, matan maƙwabta suna tsaye.

"Ci mu gani."

"Yaya, me kike nufi?"

"Kin ji ni. In ba abin da kika sa, ci."

Ni da na haifa masa ku, ni da na zauna da shi tun yana karen mota muna cin tuwo da miyar kuka ba nama, ni aka sa in ɗanɗana abincin mijina a gaban 'ya'yana kamar wadda aka kama da guba. Na wanke hannu, na yi bisimilla, na ci, na ci sosai, ina kallonta. Da na gama ta taɓe baki ta ce ai mai abu ta san makarinsa. Kun ji fa. Da na ƙi ci, ni mai laifi ce. Na ci, ni mai laifi ce.

Washegari ta kafa doka. Za a koma girkin da, tuwon shinkafa, man shanu, shayi da madara da sukari, kuma ni zan dafa tana zaune tana kallon hannuna har ɗan'uwanta ya dawo hayyacinsa. Na juya wurin babanku, don shi ya ce in yi, shi ya san abin da likita ya faɗa, shi ya tashi a gabana bai dafa ƙasa ba. Yana zaune yana wasa da carbi.

"Saude, ki yi haƙuri ki yi yadda Yaya ta ce. Na ɗan lokaci ne, har bakin mutane ya mutu."

"Alhaji, ka manta ƙafar Baba?"

Gwaggonku ta yi tsalle ta dire, wai na zagi ubansu a kabari. Na ce ban zagi kowa ba. Na ce duk abin da za a sa ni a gidan nan zan yi, in share, in wanke, in ɗebo ruwa, amma abin da aka gaya mini a gabana zai makantar da shi, ba zan tuƙa shi da hannuna in miƙa masa ba. Wanda zai iya ya tuƙa.

"To matar da ba za ta yi wa miji girki ba, zaman me take yi?" in ji ta.

Na jira ya yi magana. Na daɗe ina jira. Bai ɗago ba. Sai na goya Bilki, na ce ku tashi ku ɗauko takalmanku. Ta ce ko ɗaya ba zai taka ƙofa ba, 'ya'ya na uba ne, ta goyen ma don tana shan nono ne. Yayanku ya riƙe mini zane yana kuka, ita ta ɓamɓare hannunsa. Wannan ita ce tafiyar da aka ce muku na yi na bar ku. Duk ranar kasuwa sai na aiko ƙanena da dafaffiyar gyaɗa da masara ya gano mini ku, ashe a zaure ake karɓa a ce muku daga Gwaram ne.

A Sundimina Baffana ya saurare ni har na gama, yana gyaran ƙotar fartanya. Ya tambaye ni sau ɗaya ko akwai abin da na sa wa mijina. Na ce babu. Ya ce to in shiga ɗakin innata in zauna, wanda ya kore ni ya san hanya. Daminar nan na yi ta amma a zuciyata rani ne, abinci ba ya shiga, har ni ce na rame da gaske, amma ba wanda ya ce an yi mini sammu. Labari yana iso ni a bakin masu zuwa kasuwa: Alhaji ya murmure, Alhaji ya ciko, Alhaji ya koma shiga mota, Alhaji Tanimu ya ce a wurin ciyayya alhamdu lillahi asiri ya karye.

Da kaka ya zo biko da wani dattijo. Na leƙa ta tagar zauren Baffa na gan shi ya cika riga kamar da, har ya fi. Aka yi magana, aka yi addu'a, dattijon ya miƙe. Babanku ya sa hannu biyu ya dafa ƙasa, ya yi nishi, sannan ya tashi. Ya san ina kallo, bai juyo ba. Da muka keɓe a bayan rumbu ya ce:

"Na san gaskiyarki, Saude. Tun ranar na sani. Amma ba zan iya sake shiga masallaci ana janye mini kafaɗa ba."

Na dawo saboda ku. Na ce tukunyata dai yadda likita ya ce haka za ta zauna, ya ce ya yarda. Haka aka yi, sai dai ya ci nawa ya ci nasu. Ciyayya ta koma yadda take, furar Gwaram tana zuwa a gaban mota duk mako da zuma a gefe, mai shayi ya koma hannunsa na da. Asibiti kuwa bai ƙara komawa awo ba, don ya san abin da za a ce.

Bilki ta fara zuwa makarantar allo ke nan, wata safiya ya kira ni bayan gida. Ya nuna mini inda ya yi fitsari. Ƙiyashi ne suka taru baƙi ƙirin. Muka tsaya muna kallonsu. Can ya ce:

"Ya shigo."

Sauran kun gani da idonku, ƙwayoyi, allura, ramar da ta zo daga baya wadda ba ta tafiya da ƙafa ba ce, ta ciwo ce, da hazon da ya fara rufe masa ido har ya rufe duka. Abin da ba ku lura da shi ba, don kuna yara, shi ne yadda layin nan ya koma. Kowa ya zama likita. A wurin ciyayya in an buɗe tuwon shinkafa sai a ja shi gefe, a ce kada Alhaji ya taɓa, yana da suga. Wannan ya kawo garin ganye, wancan ya kawo saiwa. Matar Alhaji Tanimu ta aiko a tambaye ni yadda ake kwaɗon zogale, wai za su riƙa yi saboda Alhaji. Yanzu! Da ciwon ya shiga ya kulle ƙofa, sannan aka ba shi izinin cin ganye. Shi kansa Alhaji Tanimu ya zo dubiya, ya zauna a zaure yana girgiza kai, na ji shi yana cewa:

"Irin wannan ciwo, da an kula da cimarsa tun da wuri, ai da bai kai haka ba. Amma matan yanzu sai a hankali."

Ina riƙe da butar shayi marar sukari zan miƙa musu. Allah ne kaɗai ya riƙe hannuna. Gwaggonku kuwa har ta koma ga Allah cewa take tun ramar farko ce jikinsa bai ƙara komawa daidai ba. Ta so shi, ban taɓa musun wannan ba, ta so shi fiye da ranta. Na yafe mata ranar da aka ɗauke ta, don ina so a yafe mini. Amma yafiya daban, a bar ƙarya ta zauna a kaina a wurin 'ya'yana daban.

Yanzu ga yayanku. Shi ma an auna shi an ce yana bakin ƙofa, shi ma bencin ofis da mota sun tara masa ciki. Allah ya ba shi Nafisa, ta ji maganar likita ta ɗaura ɗamara. Ya zo gaishe ni watan jiya, ya zauna a tabarmar nan ta babansa, da zai tafi ya miƙe cak. Na juya fuska don kada ya ga idona. To ku ji ni da kyau, ku duka, mazanku da matanku. Duk wanda ya ƙara cewa yarinyar nan ta ramar da shi, ko a waya, ko a gidan biki, ko da wasa, ni ya zaga. Wanda yake ganin akwai abin da take zuba masa ya kawo kwanon nan gabana, na saba, ni zan ci.

Ke kuma Bilki. Ranar aurenki, da aka kawo ki ɗakin babanki ki yi sallama, kin tuna ya ce ki matso, ya ɗaga mayafinki ya bi fuskarki da tafin hannunsa, goshi, hanci, haɓa. Kina kuka ba ki ji abin da ya tambaye ni ba. Cewa ya yi:

"Saude, da wa take kama yanzu?"

Na ce masa da Yaya Hansai, don gaskiya ce, kamarku ɗaya. Ya yi murmushi, hawaye yana zuba daga idon da ba ya gani. Fuskarta kika ɗauko, wannan ba laifinki ba ne. Bakinta dai ki ajiye mata shi. Yayanki ma yana da 'ya mace, kuma ranar da za a kai ta ɗakin miji ina so ya gan ta da idonsa.